Takarda, filasma ko zaren wuta: wane ƙaramin tushen ayon ya dace da aikinka?

Na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira MS, makauniya ce ga duk abin da ba ya ɗauke da cajin lantarki. Ƙwayar tramadol ce ko ta maganin ƙwarin da ya maƙale a jikin wake, in dai ba a tashe ta cikin iska an ɗora mata caji ta zama ayon ba, na'urar ba za ta san da zuwanta ba. Sashen da ke wannan aiki shi ne tushen ayon, kuma shi ke yanke abin da za ka gani da abin da zai ɓuya maka. Tun da aka fara ƙera MS ƙanana, irin waɗanda mutum zai ɗauka ya kai kasuwa ko tashar jiragen ruwa ko asibitin karkara, ya zama dole shi ma tushen ya ƙanƙance. Yau sun yi yawan da mai saye ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, kowanne da sunansa na haruffa uku ko huɗu. Amma in aka tattara su, gida huɗu suka fito: masu harbi da ilektiron, masu feshin ruwa, masu filasma (gas ɗin da lantarki ya ɗora wa caji), da masu hasken fitila.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ƙanƙantar tushen ita kanta ba ta cika zama abin dubawa ba, domin kusan dukkansu sukan shiga tafin hannu. Abin dubawa shi ne kayan da kowanne ke jawowa a bayansa: tukunyar gas, famfon tsotse iska, ruwan narkarwa mai tsabta, da ƙananan kayan da ake yarwa bayan kowane gwaji. A nan ne nauyi yake, a nan ne kuɗi ke tafiya, kuma a nan ne na'urori da yawa ke mutuwa a ajiye su a lulluɓe da leda.

Tarihin ƙananan na'urorin Jami'ar Purdue da ke Indiyana a Amurka ya nuna haka ƙarara. A 2006 ɗakin binciken Graham Cooks da Zheng Ouyang ya fitar da Mini 10 mai kilo 10, bayan shekara biyu kuma Mini 11 mai kusan rabin wannan nauyi. Matsalarsu ita ce ƙaramin famfo ba zai iya jure iskar da ke kwarara cikin na'ura ba in aka bar bakinta a buɗe ga tushen da ke waje. Maganin da suka kawo a 2008, wanda ake kira DAPI, shi ne bawul mai matse tiyon roba: ya buɗe na kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 na daƙiƙa, ayon su shiga tare da ɗan iska, ya rufe, famfo ya tsotse iskar, sannan tarkon ayon, wato sashen da ke kama ayon ya tantance nauyinsu, ya yi awo. Ke nan tushen da ke hura gas mai yawa a bakin ƙaramar na'ura yana ɓarnar kusan duk abin da ya samar, tunda ƙofar a rufe take mafi yawan lokaci.

Harbi da ilektiron

Wannan shi ne dattijon gidan, kuma har yanzu ba a ture shi ba. Zaren ƙarfe, na tangistin ko reniyom ko iridiyom da aka shafa wa itiriya, yakan yi zafi ya saki ilektiron, a tunkuɗa su da ƙarfin ilektiron-bolt 70 su bugi ƙwayoyin samfur. Bugun yana da ƙarfin da ƙwayar ke farfashewa, kuma yadda take farfashewa a Kano haka take yi a Tokyo, ko wace irin na'ura aka yi amfani da ita. Saboda wannan daidaito ne aka iya tara rumbun hotunan fashewa, kamar na hukumar NIST ta Amurka mai ɗauke da sinadarai fiye da dubu 300. Babu wani tushe a cikin sauran da ke da rumbu irin wannan. In aka kawo maka ruwa a kwalba ba wanda ya san mene ne, wannan tushen ne kaɗai zai iya ba ka suna ba tare da ka fara da zato ba.

Sharuɗɗansa biyu ne masu tsauri. Dole samfur ya iya zama tururi ba tare da ya ƙone ba, kuma dole zaren ya zauna a inda aka tsotse iska sosai, don iskar oksijin tana cinye zare mai zafi. Shi ya sa ake haɗa shi da GC, na'urar da ke rarrabe sinadarai a dogon siririn bututu kafin su iso. Na'urorin ɗauka irin su HAPSITE na Inficon, Torion T-9 na PerkinElmer da Griffin G510 duk a wannan layi suke. Nauyinsu tsakanin kilo 14 da 20 ne, kowane gwaji yakan ci mintuna, kuma suna buƙatar ƙaramar gwangwanin gas mai tura samfur, hiliyom ko naitirojin gwargwadon ƙirar.

An yi ƙoƙarin raba wannan tushe da zarensa mai cin wuta. Maimakon zafi, sai a jera dubban tsinina ƙanana na silikon ko na kabon, a sa musu ƙarfin lantarki su fitar da ilektiron a sanyi. Na'urar Ptolemy da ke cikin ɗan kumbon Philae, wanda ya sauka kan tauraro mai wutsiya 67P a Nuwamban 2014, da irin wannan tsinina ta yi aiki, domin a can kowane wat ɗaya na batir dukiya ne. Sai dai tsininan suna dakushewa in ayon suka riƙa dawowa suna bugunsu, kuma yawancin na'urorin da za ka tarar a kasuwa har yanzu zare mai zafi suke da shi. Ka tambayi kuɗin zaren, ka tambaya ko ma'aikacinka zai iya sauya shi da kansa.

Wa ya kamata ya zaɓi wannan? Wanda hukuncinsa zai je gaban alƙali, da wanda ke neman sinadarai masu saurin zama tururi. Misali gubar dayetilin gilaikol, wadda ta kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin daga ƙarshen 2008, ta kuma sake kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari. Ƙwayarta ƙarama ce, nauyinta 106, kuma tana ɓuya ne cikin gilisarin da firofilin gilaikol masu kama da ita, waɗanda suka ninka ta ɗaruruwa. Iyakar da aka yarda da ita kashi 0.1 cikin 100 ne. A nan rarrabewar GC ba ado ba ce, ita ce aikin.

Gidan masu feshi

John Fenn ya nuna a Jami'ar Yale a 1984 cewa in aka tura ruwa ta siririn bututu aka sa masa dubban bolt, bakin ruwan yakan tsuke ya yi tsini ya watse zuwa ɗigo masu caji, ɗigon su bushe su bar ayon. Wannan aiki ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2002. Alherin feshin lantarki shi ne taushinsa: ƙwaya takan fito lafiya lau, ta ɗauki furoton ɗaya (haidirojin mai caji, nauyinsa 1) ko sodiyom ɗaya kawai. Tramadol mai nauyi 263 sai ya bayyana a lamba 264, kodin a 300, farasitamol a 152.

A tsakiyar shekarun 1990 Matthias Wilm da Matthias Mann, a Heidelberg ta Jamus, suka ƙanƙantar da shi. Suka ja bututun gilashi har bakinsa ya koma mikromita 1 zuwa 2, suka shafa masa zinariya don ya ɗauki wuta. Ruwan da ke fita bai wuce nanolita 20 zuwa 40 a minti ba, ta yadda mikrolita ɗaya tak zai yi rabin sa'a yana feshi, babu gas, babu famfon tura ruwa. Ɗigon da yake fitarwa ƙanana ne ainun, don haka ya fi feshi na yau da kullum jure gishiri. Ga mai nazarin furotin ko wanda samfurinsa ɗan mitsitsi ne, babu kamarsa. Kamfanin Advion ma ya sassaƙa bakuna 400 a kan ɓallin silikon ɗaya a na'urarsa TriVersa NanoMate, kowane samfur da sabon baki.

Amma ni ba zan ba wanda zai fita fili shawarar ya dogara da shi ba. Bakin da bai kai kaurin gashi ba, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe shi, taɓawa ɗaya ta isa ta karya shi. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shiga ɗaki ko an rufe taga ya san abin da nake nufi. Kayan teburi ne a ɗaki mai tsabta, kuma dole a tace samfur kafin a ɗura.

DESI ya zo a 2004 daga hannun Zoltán Takáts da abokan aikinsa a ɗakin Cooks. Dabararsa ita ce a harba feshin a kan abin da ake bincike, ƙwayar magani ko fatar 'ya'yan itace ko yankan nama, ɗigon su jiƙa wurin su kwaso abin da ke kai su fantsama cikin bakin na'ura. Ba a taɓa samfur ba, ba a niƙa shi ba. Da shi ake zana taswirar sinadarai a yankan tsoka don gane iyakar ciwon daji, kuma a wannan fage yana da daraja sosai. Sai dai yana shan naitirojin mai matsin da ya ninka na iskar duniya sau bakwai zuwa goma, yana son famfon sirinji, kuma kusurwar feshi da tazararsa suna son hannu mai haƙuri. Kan feshin ƙarami ne, tukunyar da ke bayansa ta kai tsayin mutum. A teburi ya dace, ba a jakar goyo ba.

Feshin takarda

A nan zan daɗe, domin a ganina shi ne ya fi dacewa da mafi yawan masu karanta wannan rubutu.

A 2010 He Wang, Jiangjiang Liu, Cooks da Ouyang suka wallafa wani abu da sauƙinsa ke ba mutum dariya. Ka yanka takardar tacewa mai kusurwa uku, tsawonta kamar santimita ɗaya. Ka ɗiga jini ko fitsari ko jiƙon ƙwayar magani a tsakiya, ka bar shi ya bushe. Ka kama gindinta da ɗan maƙalin ƙarfe, tsinin yana duban bakin na'ura da tazarar 'yan milimita. Ka zuba mikrolita 10 zuwa 30 na metanol da ruwa, ka ba ta bolt 3,000 zuwa 5,000. Takardar da kanta take jan ruwan zuwa tsini, a hanya ruwan ya narkar da abin da ake nema, tsinin ya yi feshi. Ƙwayoyin jini da yawancin furotin kuwa sukan maƙale a zaren takardar su zauna. Takarda ɗaya ta yi aikin mazubi, matata, famfo da bakin feshi. A wannan rubutu na farko sun auna maganin sankarar jini imatinib a busasshen ɗigon jini.

Babu gas ko kaɗan. Wutar da feshin ke ja ba ta kai a kira ta ba, duk da yawan bolt ɗin. Gwaji yakan ƙare cikin minti ɗaya. Kuma tunda kowane samfur da takardarsa, ragowar na baya ba ta gurɓata na gaba. Wani alherin da ba a cika faɗa ba shi ne samfur yana iya tafiya ba tare da na'ura ba: ma'aikacin lafiya a ƙauye ya ɗiga jini a takarda, ta bushe, a aiko ta birni a ambulan. Abraham Badu-Tawiah, haifaffen Gana wanda ya yi digirin digirgir a hannun Cooks kuma yake koyarwa a Jami'ar Jihar Ohio, ya gina bincikensa a kan wannan. A 2016 ɗakinsa ya nuna takardar gwaji mai kama furotin ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda ke riƙe sakamakonta har a kai ta inda MS take. A Biritish Kolombiya ta Kanada kuma, ɗakin Chris Gill yana amfani da feshin takarda wajen auna yawan fentanil, maganin kashe zafi mai tsananin ƙarfi, a cikin ƙwayoyin da masu shaye-shaye ke kawowa a duba musu.

Dangin takardar sun yaɗu. A 2011 wasu masu bincike a Hong Kong suka yi feshi da tsinken sakace. An yi da ganyen tsiro da aka yanke shi da tsini, an yi da zare. A Jami'ar Waterloo, ɗakin Janusz Pawliszyn ya fito da siririn takobin ƙarfe mai rufin da ke kama sinadari, a tsoma shi cikin jini ko fitsari, a ɗauraye gishirin, sannan a yi feshi daga tsininsa. Ya fi takarda tsabtar sakamako, ya kuma fi ta tsada. A Madras ta Indiya, ɗakin Thalappil Pradeep ya shafa wa takarda siraran bututun kabon a 2014, ta ba da ayon da bolt 3 kacal, ko da yake ayon ɗin kaɗan ne.

Yanzu ga aibobinta, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, tsinin da aka yanka da almakashi ba ya yin daidai da na jiya, kuma kaifin tsini da tazararsa suna sauya ƙarfin sigina. Saboda haka ba a auna yawa da takarda sai da sinadarin rakiya, wato tagwayen abin da ake nema wanda aka sauya wasu haidirojin ɗinsa da diyuteriyom (haidirojin mai ƙarin nauyi), a auna ɗaya a kan ɗaya. Waɗannan tagwaye daga waje ake sayo su, da dala. Kamfanin Thermo Fisher yana sayar da takardun da aka riga aka yanka a cikin gidan roba, da sunan VeriSpray, sun magance rashin daidaiton, amma sun mai da abin da ya kusa zama kyauta abin biya a kowane gwaji.

Na biyu, zafi da bushewar iska. Mikrolita 20 na metanol a kan buɗaɗɗiyar takarda ba ya jimawa a ɗakin da ya kai digiri 38, kuma da takarda ta fara bushewa sai tsinin ya koma tartsatsi maimakon feshi. Abin ya fi muni in ana neman ayon masu caji na debewa. Ana rage wannan da ƙara ruwa a kai a kai ko sauya gaurin ruwan narkarwa, amma sai an gwada a yanayin da za a yi aikin, ba a yanayin da aka rubuta littafin na'urar ba.

Na uku shi ne mafi girma, kuma ya shafi duk tushen da ke tsallake rarrabewa. Komai yana shiga lokaci ɗaya. Gishiri da kitse da sikari sukan ƙwace cajin su danne abin da kake nema. Sannan sinadarai biyu masu nauyi ɗaya ba su da bambanci a idon ma'auni. Kodin da haidirokodon duk a 300 suke fitowa. Tramadol da desbenlafaksin, maganin ciwon damuwa, duk a 264, kuma in aka fasa su dukansu suna ba da gutsure a lamba 58. Don haka takarda ba ta da amfani a kan na'urar da ba ta iya kama ayon ɗaya ta fasa shi ta sake auna gutsattsarinsa, abin da ake kira MS/MS, kuma ko da shi akwai inda sai an koma ga rarrabewa. Jami'in da ya kama katan na tramadol mai miligiram 225 zai iya sanin abin da ya kama nan take da takarda. Takardar shaidar da za ta je kotu kuwa daga GC ko LC, 'yar'uwarta mai rarrabe sinadarai a cikin ruwa, za ta fito.

Kuma takarda ba ta son sinadarai marasa son ruwa, irin su man fetur da danginsa. Ba su da inda furoton zai kama.

Filasma: DART da ƙannensa

A 2005 Robert Cody da James Laramée suka gabatar da DART ta hannun kamfanin JEOL. Ana ratsa hiliyom da tartsatsin lantarki, ƙwayoyinsa su cika da kuzarin ilektiron-bolt 19.8, a dumama gas ɗin, wani lokaci har digiri 500, a hura shi kan samfur. Kuzarin ya fi 12.6 da ake buƙata don caja ruwa, saboda haka hiliyom ɗin yakan caja damshin da ke cikin iskar ɗaki, damshin kuma ya miƙa furoton ga abin da zafi ya tayar daga samfur. Ka riƙe ƙwayar magani da hantsaki a gaban hurin, cikin daƙiƙu ka ga abin da ke ciki. Babu ruwa, babu jiƙo, babu jira.

Facundo Fernández na jami'ar Georgia Tech da ke Amurka ya yi amfani da DART da DESI tun 2006 wajen tona jabun artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro, a Kudu maso Gabashin Asiya, inda aka tarar wasu ƙwayoyin ba su da maganin ko kaɗan, sai farasitamol ko eritiromaisin. Wannan ciwo namu ne ma: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko bai kai inganci ba. Amma aikin ya koyar da wani darasi. Dangin artemisinin, waɗanda artesunate ke cikinsu, suna da wata gada ta oksijin biyu mai saurin karyewa, zafi yana farfasa su. Mutanen Fernández sai da suka zuba wani sinadarin amin a cikin ruwan feshin DESI don ya rungumi ƙwayar artesunate ta fito gaba ɗaya. Wanda babban aikinsa maganin zazzaɓi ne ya lura da wannan kafin ya sayi tushe mai zafi.

Matsalar DART a wurinmu hiliyom ce. Yana shan lita biyu ko uku a kowane minti, kuma hiliyom daga ƙasashe ƙalilan yake fitowa, Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, farashinsa yana tashi duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya sami tangarɗa. Ana iya juya shi zuwa naitirojin, wanda injin ɗaki ke iya tacewa daga iska, amma ƙarfin gani yakan ragu, wasu sinadaran kuma su fito da oksijin a manne. Sayen DART ba tare da tabbacin gas ba kamar sayen doki ne a shekarar da babu harawa.

Ƙaramin ɗan'uwansa shi ne LTP, wanda Jason Harper da abokansa suka fitar a Purdue a 2008, shekara ɗaya bayan masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta Sin sun nuna irin wannan dabara. Bututun gilashi ne, da waya a ciki da zoben tagulla a waje. Gilashin yana hana tartsatsi ya zama wuta mai ci, sai a sami ɗan harshen filasma mai zafin digiri 30 ko kusa, wanda za a iya ɗora shi a kan yatsa. Wutar da yake ja ba ta kai wat 3 ba, gas ɗinsa bai kai rabin lita a minti ba, kuma yana aiki da agon ko naitirojin ko ma iskar ɗaki. A 2013 aka yi na hannu mai batir wanda bai kai kilo ɗaya ba. Bayan badaƙalar zuba melamin, sinadarin masana'anta mai cutarwa, a madarar jarirai a Sin a 2008, wadda ta jawo wa yara kusan dubu 300 rashin lafiya, an nuna LTP da aka ƙara wa ɗumi yana gano melamin a madara kai tsaye.

Sanyin nasa shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Abin da ba ya tashi da kansa, LTP ba ya tayar da shi sai an dumama samfur. Gidan filasma gaba ɗaya ba ya wuce ƙwayoyi masu nauyin 1,000 ko ƙasa, furotin ba nasa ba ne. Kuma tunda damshin iska ne ɗan aikensa, sakamakon watan Agusta ba lalle ya yi daidai da na Janairu ba a garin da damina ke jiƙe iska, hunturu kuma ya busar da ita ƙaƙas.

Inda ya yi fice shi ne guba mai tashi a saman abu. Dikulobos, sinadarin da ke cikin Sniper da ota-fiya-fiya, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, iyakarsu kuwa miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Yana saurin zama tururi, yana karɓar furoton cikin sauƙi ya fito a lamba 221. Mai son tantance buhuna a Dawanau ya ware waɗanda aka yi wa ambaliyar magani, filasma ce abokiyarsa. Tabbatar da cewa buhu yana ƙasa da 0.01 kuwa aikin babbar na'ura ne bayan an jiƙa an tace.

Akwai kuma ASAP, wanda Charles McEwen ya fitar a 2005: sandar gilashi a dangwala a samfur, a tura ta cikin naitirojin mai zafi kusa da allura mai tartsatsi. Waters da Advion suna sayar da ƙananan na'urorin teburi masu shi. Ga malamin kemistiri mai haɗa sinadarai da ke son sanin ko abin da ya dafa ya fito, ya wadatar, in akwai injin naitirojin a ɗakin.

Fitila

Fitilar kiripton tana ba da haske mai ƙarfin ilektiron-bolt 10.0 da 10.6. Naitirojin yana buƙatar 15.6 kafin ya caju, oksijin 12.1, ruwa 12.6, metanol 10.8. Duk sun fi ƙarfin fitilar, don haka iska da damshi ba sa damun ta. Benzin kuwa 9.2 yake buƙata, toluwin 8.8, su da sauran dangin mai suna cajuwa ba tare da sun farfashe ba. Wannan tushe na mai binciken gurɓatar mai ne, irin abin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya tarar a ƙasar Ogoni, inda benzin a wasu rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Tagar fitilar tana dusashewa da datti, tana son gogewa, fitilar kuma tana da adadin sa'o'inta. In aikinka magani ne ko jini, wuce ta.

Abin da babu ɗayansu da zai yi maka

Dalma da sauran ƙarafa ba na wannan layi ba ne. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 da na'urar XRF ta hannu, mai gano ƙarafa da hasken X-ray, aka bi ta a ƙasa, da wasu na'urori na musamman a jini. Haka aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa: iyakar Turai mikrogiram 2 ce ta nau'in B1 a kowane kilo na gyaɗar ci, kuma gubar takan taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan cikin buhu. Haska ƙwaya goma da filasma ba ya gaya maka komai game da buhun. Sai an ɗebi samfur mai yawa an niƙa an jiƙa. Duk dillalin da ya ce maka ƙaramar na'urarsa za ta duba aflatoksin ta saman gyaɗa, ka nemi ya nuna maka a kan gyaɗarka.

Ga ɗakin gwajin jami'a ko na hukuma mai kuɗin na'ura ɗaya, wanda yawancin aikinsa magunguna ne da ƙwayoyin maye da jini da fitsari, ni tarkon ayon mai MS/MS zan saya, wanda bakinsa a buɗe yake ga tushen waje, in fara da takarda. A irin wannan baki ana iya ɗora LTP daga baya, kuma ɗalibin da ya iya lantarki zai iya harhaɗa shi da kayan da ba su da tsada, muddin an sa masa abin taƙaita wuta an kuma rufe wayoyin, don bolt 4,000 ba abin wasa ba ne. In kuwa aikin ya fi karkata ga abin da ba a san shi ba, ko ga shaidar kotu, GC mai zaren wuta ya fi, ko da ya fi nauyi da jinkiri.

Kafin a sa hannu a takardar ciniki, a tambayi dillali ko na'urar tana karɓar takardar da aka yanka a gida ko sai tasu ta cikin roba, domin wasu an ƙera su ne yadda ba sa karɓar ta kowa. A tambayi ko mai na'ura zai iya ƙara sabon sinadari a rumbunta da kansa. Wasu na'urorin hannu na jami'an tsaro jerin sunaye ne kawai a cikinsu, abin da ba ya jerin ba za su faɗa ba. A tambayi minti nawa take ɗauka ta dawo aiki bayan an ɗauke wuta, da zafin ɗakin da aka yarda ta yi aiki a ciki, tunda da yawa iyakarsu digiri 35 ko 40 ne. Sannan a kawo samfurin gida ranar gwaji, maganin tari mai kaurin sikari ko jinin da ya kwana uku a takarda, a sa takarda marar komai a bayansa nan take a ga ko lambar da ta fito ɗazu ta ɓace.